La'adar da Ba a Faɗa: Magana a Kan Ƙwayar Caca



Akwai gardamar da ta daɗe tana yawo a tsakanin samarinmu, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zango zuwa Akwatia Line. Ƙwayar nan mai fuska shida, irin ta wasan ludu, wadda ake jefawa a teburin gidan caca ko ake nuna hotonta a waya, tana da gaskiya ko kuwa an yi mata siddabaru? Wanda aka cinye ya ce akwai maguɗi. Wanda ya ci jiya ya ce babu komai sai sa'a, kuma ai gidan yana da lasisin gwamnati. Mu da ƙararrakin bashi da na jarin da ya salwanta suke biyowa ta gabanmu a zauren dattawa, muna ganin dukansu biyu sun tsare ƙofar da ɓarawo bai bi ta cikinta ba.

Bari mu fara ba wa gidan caca haƙƙinsa, domin adalci ya hau kanmu ko a kan wanda ba ma so. A babban kasino mai rajista, ƙwayar tana da gaskiya. Garai-garai ake yin ta, ana hango cikinta, don kada a ɓoye dalma a gefe ɗaya. Gefunanta masu kaifi ne, ba su da lanƙwasar ƙwayar ludu ta gida. Ɗigon da ke kan kowace fuska ana cike raminsa da abu mai nauyi daidai da wanda aka ƙwaƙule, don kada fuskar shida ta fi fuskar ɗaya sauƙi. Kowace tana ɗauke da lamba, kuma dole mai jifa ya jefa ta har ta bugi bangon tebur ta dawo. Duk wannan tsanani gidan yana yin sa ne don kare kansa, domin shi ya fi kowa tsoron ƙwaya mai karkata: in wani ɗan caca mai wayo ya gano karkatar, gidan ne zai yi kuka. Abin da ake yi a bayan tashar mota kuwa, inda mutum uku suke haɗa baki su yi kamar ba su san juna ba, a nan akwai ƙwaya mai nauyin gefe, akwai saurin hannu. Wannan sata ce tsirara, kowa ya san sunanta, ba ita ta sa muka ɗauki alƙalami ba.

To, in ƙwayar ba ta ƙarya, daga ina gidan yake samun kuɗin haya da na wuta da albashin ma'aikata da harajin gwamnati, har riba ta ragu? Amsar tana cikin biya. Sai mai karatu ya yi haƙuri da mu, ya ɗan zauna a yi lissafi, domin a nan maganar take.

Ƙwaya biyu in an jefa su tare, hanyoyin da za su iya faɗuwa 36 ne, shida sau shida. Jimlar 7 tana fitowa ta hanya 6: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, sannan kowanne a juye. Sauran hanyoyi 30 ba bakwai ba ne. Ke nan wanda ya sa kuɗinsa a kan bakwai, a tsawon lokaci zai faɗi sau biyar kafin ya ci sau ɗaya. Da adalci ake nufi, wanda ya sa sidi 10 ya ci sai a ba shi ribar sidi 50, don cin nan guda ya maye masa faɗuwa biyar, a tashi babu mai bin wani. A wasan da Amurkawa ke kira craps, wanda shi ne sarkin wasannin ƙwaya a kasino, ribar sidi 40 ake ba shi. Mu ƙirga: jifa 36, kowanne sidi 10. Ya ci sau 6, ya samu 240. Ya faɗi sau 30, ya rasa 300. Sidi 60 sun tafi daga cikin 360 da ya zuba, alhali ƙwayar ba ta cuce shi ko sau ɗaya ba, kuma a duk lokacin da ya ci an biya shi nan take, da fara'a, har da tafi. Wanda ya yi karatun rabon gado ya san sunan 60 cikin 360. Sudusi ne, rabon uwa daga dukiyar ɗanta in ya rasu ya bar 'ya'ya. Gidan yana karɓar rabon uwa daga kuɗin yaro tun yana raye, kuma a kan kowane jifa.

Haka abin yake ga mai sa kuɗi a kan 12. Hanya ɗaya tak take fitowa cikin 36, don haka haƙƙinsa ninki 35 ne, amma ninki 30 aka saba biya. Akwai kuma wasan ƙwaya uku da ya fito daga ƙasar Sin, sik bo, wanda ake yawan gani a manhajojin waya. A can mutum yana zaɓar babba ko ƙarami, sai ya ga kamar rabi da rabi ne, kamar jefa kwabo. Hanyoyin ƙwaya uku 216 ne. Ƙarami yana cin 105, babba yana cin 105. Ragowar 6, wato lokacin da ƙwayoyin uku suka nuna fuska iri ɗaya, gidan ne ke kwashe kuɗin ɓangaren biyu. A cikin 'yan hanyoyi shidan nan aka gina bene.

Masu kare wasan za su ce mun zaɓi mafi munin misali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Babban zubin craps, wanda yawancin 'yan wasa ke yi, abin da gidan ke yanka a cikinsa bai kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba: cikin 495, ɗan wasa yana cin 244, gida yana cin 251. In an gwada da lotto ta 5/90 da mutanenmu suka saba yanka a kiyos, wannan rahama ce. A lotto, damar lamba biyu su fito cikin biyar ɗin da ake zarowa kusan ɗaya ce cikin 400, biyan kuwa ninki 240. Sai dai ƙanƙantar yankan kasino ita ce ƙugiyarsa. Ba a kan kuɗin da mutum ya shigo da su ake yanka ba, a kan kowane zubi ne. Wanda ya zo da sidi 200 yana zuba 20, ya ci ya mayar, ya faɗi ya ƙara, kafin dare ya raba ya yi zubi ɗari, wato ya juya sidi 2,000. Abin da lissafi ya ce zai bari a teburin ya kusa sidi 30. Gobe ma haka, jibi ma haka. A waya kuwa, inda ba a jiran kowa ya tattara ƙwaya, zubi ɗarin nan ba ya ɗaukar lokacin da ke tsakanin magariba da lisha.

Wannan ilmi ba asiri ba ne, kuma ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Italiya, Girolamo Cardano, wanda shi kansa caca ta ɗaiɗaita, ya rubuta littafi a kan lissafin ƙwaya, aka buga shi a 1663, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. A 1654 Pascal da Fermat na Faransa suka yi musayar wasiƙu a kan tambayoyin wani ɗan caca, daga nan ilmin ƙiyasin yiwuwa ya kafu. A 1713 aka buga hujjar Jacob Bernoulli cewa gwargwadon yawan jifa, gwargwadon yadda sakamako ke matsowa kusa da abin da lissafi ya faɗa. Wannan hujja ita ce jarin gidan caca. Ɗan wasa yana jifa ɗari, sa'a tana iya ɗaga shi yau ta kayar da shi gobe. Gidan yana karɓar jifa miliyoyi daga hannun dubban mutane, saboda haka shi ba caca yake yi ba ko kaɗan, ya san abin da zai samu a shekara kamar yadda mai gidan haya ya san nasa. Ƙwaya kuma ba ta da tunani. In bakwai ta ƙi fitowa sau ashirin, a jifa na ashirin da ɗaya damarta tana nan ɗaya cikin shida, ba ta bin kowa bashi, babu wanda take bi. Muna faɗin haka ne musamman saboda masu kai kuɗi wurin wasu da ke kiran kansu malamai don a duba musu lamba ko a ba su laya ta sa'a. Da mai duban ya san lambar, da ba ya zaune yana jiran sadakar sidi 20.

Mu mutanen Zango bai kamata wannan ya shige mana duhu ba, domin da la'ada aka gina unguwannin nan. Kakanninmu sun sauki fataken goro da na shanu, maigida ya ba baƙo masauki, ya tsaya masa, dillali ya haɗa shi da mai saye, a ƙarshe a fitar da la'ada. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci, saboda kowa ya san adadinta kafin a ce an sallama, kuma an ba da wani abu a madadinta: kwana, amana, ciniki. Abin da gidan caca ke karɓa shi ma la'ada ce, sai dai an narkar da ita cikin biya yadda ido ba zai gan ta ba. A kan tebur an rubuta abin da za a ba wanda ya ci. Ba a rubuta abin da ya cancanta a ba shi ba. Sikeli daidai yake, amma mai sikelin ne kaɗai ya san farashin gaskiya.

Shaidar cewa ganin ido ne matsalar, mun same ta kwanan nan. A watan Agusta na 2023 gwamnati ta fara cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga abin da ɗan caca ya ci. Kowa ya ji irin hayaniyar da samarin ƙasar nan suka yi, har maganar ta shiga yaƙin neman zaɓen 2024, aka kuma soke harajin a 2025. Harajin nan sai mutum ya ci ake cire shi, kuma yana ganin adadinsa a rubuce, shi ya sa ya yi zafi. Sudusin da ake yanka a kan kowane zubin bakwai, a ci ko a faɗi, ba mu ji wanda ya ɗaga murya a kansa ba.

Game da lasisi, Hukumar Kula da Caca ta Ghana, wadda dokar 2006 mai lamba 721 ta kafa, aikinta ta ba da izini, ta sa ido a bi ƙa'ida, ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. Lasisi yana nufin gidan zai yi wasan yadda ya ce zai yi, ya kuma biya abin da ya yi alkawari. Bai ce an daidaita gida da ɗan wasa ba, babu kuma hukumar da za ta ce haka a duniya, domin ranar da aka daidaita su gidan zai rufe. A waya ma sau da yawa babu ƙwaya sam, hoto ne kawai, lambar kuwa kwamfuta ce ke fitar da ita daga inda mai wasa ba zai taɓa leƙawa ba. In kamfanin mai rajista ne, mutum ya dogara da binciken wasu. In ba shi da rajista, ya dogara da imanin wanda bai taɓa gani ba.

Hukuncin addini a kan wannan ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma duk wanda ya karanta Risala a gaban malami ya wuce ta inda aka hana wasan nardi. Abin lura shi ne irin cacar da aka saukar da hanin a kanta. Larabawan jahiliyya suna yanka raƙumi, su zuba kibiya goma a jaka, bakwai masu rabo, uku babu komai, waɗanda suka zari marasa rabo su biya kuɗin raƙumin. Babu maigida mai yanka la'ada a tsakani, sau da yawa ma naman matalauta ake rabawa, kuma duk da haka aka haramta. Cacar wuri da aka sani a ƙasar Hausa, wadda sunanta ya bi mu har ya zauna a bakin maƙwabtanmu na nan Ghana, ita ma kuɗin a tsakanin 'yan wasa yake zagayawa. Ta kasino ta ɗara su da abu guda: an ƙara wani a da'irar wanda ba ya jifa, ba ya kuma faɗuwa.

Wani zai ce baligi ne, nishaɗi ya saya, kamar mai biyan kuɗin shiga kallon ƙwallo a filin Baba Yara. Da haka ne, da maganar ta tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma mai shiga kallon ƙwallo ya san kuɗin ƙofa, kuma ba ya sa ran fitowa da fiye da abin da ya shiga da shi. Waɗanda ake kawo ƙararsu zaure ba nishaɗi suka je nema ba. Yaron shago ne da cinikin ubangidansa, direban pragya ne da kuɗin da zai kai wa mai keke da yamma, magidanci ne da adashin matarsa. Jari suka je nema a wurin da aka gina don rage jari, kuma kusan kowannensu yana rantsuwa cewa saura kaɗan ya mayar.

Shi ya sa muke ganin wa'azi kaɗai bai wadatar ba, ko da yake ba a daina shi. Yaron da aka ce masa haram ne ya riga ya sani, abin da ke riƙe da shi shi ne zaton cewa akwai riba. Malaman makarantunmu na Islamiyya da ke koyar da nusufi da rubu'i da sudusi a babin gado suna da duk abin da ake bukata: ƙwayar ludu biyu, allo, da gida 36 da za a zana a kai, yara su cike da hannunsu, su ƙirga bakwai nawa ne a ciki, sannan a tambaye su nawa ya kamata a biya. Darasi ne na yini ɗaya. Ga Hukumar kuma, roƙon da ya kamata sarakunan Zango da limamai su kai mata a rubuce ƙarami ne: a tilasta wa kowane tebur da kowace manhaja su nuna, da manyan baƙaƙe kuma kafin mutum ya zuba, sidi nawa gidan ke riƙewa cikin kowane sidi 100 a kan wannan zubin.