Maganin hawan jini mai sa fitsari: ina matsalar take?

A nan Madarumfa mutane da yawa masu hawan jini suna shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari, irin su hydrochlorothiazide. Magani ne mai kyau, mai araha, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irinsa cikin waɗanda ake fara bai wa mai hawan jini.

To ina matsalar? Fitsarin yana fita da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. In ya ragu sosai, bugun zuciya kan rikice, har a rasa rai. Haɗarin ya fi yawa da bazara, ko lokacin zawo da amai, ko in mutum ya ƙara wa kansa ƙwaya daga hannun masu talla a kasuwar Ɗan Isa.

Alamun su ne faɗuwar gaba, ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala da jiri. Wanda ya ji haka ya nufi likita, a auna jininsa. Amma kada ya daina magani da kansa, don hawan jini na kawo shanyewar ɓarin jiki.

Wake, dabino da ayaba suna da fotasiyam, sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Kanwa kam ba ta maye gurbinsa, dangin gishiri ce.

Ƴan uwanmu na Kano, Abijan ko Libiya masu aiko wa iyaye magani, don Allah ku nemi takardar likita kafin ku saya. Allah ya ƙara mana lafiya.