Waken Nijeriya da Dokokin Abinci na Kasuwar Turai

A watan Yuni na shekarar 1915 babu wanda zai yi zaton wata rana Turai za ta mayar da amfanin gonar Kano, domin a lokacin gyaɗarmu take nema ido rufe. Bayan shekara ɗari, watau a watan Yuni na 2015, Ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. An ce hanin na shekara ɗaya ne, amma a 2016 aka ƙara shi zuwa 2019, sa'an nan aka sake ƙara shi zuwa 2022.

Dalili kuwa shi ne wani maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wanda da shi ake haɗa fiya-fiya. Tun 2007 Turai ta janye izinin amfani da shi a kan amfanin gona. Bisa dokarta, abin da za a samu na wannan magani a cikin kilo ɗaya na wake kada ya wuce miligiram 0.01. A wasu buhunan da aka gwada an sami har miligiram 4.6, watau ninki 460. Daga Janairun 2013 zuwa lokacin hanin, ƙasashen ƙungiyar sun sanar da juna fiye da sau 50 game da waken Nijeriya, domin suna da tsarin da idan wata tashar jirgin ruwa ta kama gurɓataccen abinci, nan da nan sauran za su ji.

Sau da yawa akan ɗora wa manomi laifi, amma galibin ɓarnar ba a gona take faruwa ba. A sito take faruwa. Wake ba ya jimre ajiya; cikin 'yan watanni ƙwari za su huda shi ya zama gari. Ɗan kasuwar da ya sayi buhu ɗari da kaka, yana jiran farashi ya tashi da bazara, shi ne yakan zuba magani don ya tsirar da jarinsa. Alhali kuwa akwai mafita mai sauƙi, watau buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Sai dai ya fi kwalbar magani tsada, kuma kasuwa ba ta biyan ƙarin kwabo saboda wake mai tsabta.

Idan don kuɗin musaya ne, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, amma ita ke cinye abinta, har ma ta sayo ƙari daga Jamhuriyar Nijar. Babbar asarar ita ce ta suna, domin mai sayen riɗi ko zoɓo ma yana jin labarin.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da wannan magani a ƙananan kwalabe da kuma a kasuwannin gari. Mataki ne mai kyau, amma hani dabam, gwaji dabam. Turai tana ɗibar samfuri a bakin iyaka kafin kaya su shiga, alhali buhun da ya bar Dawanau zuwa Legas ko Anacha ba safai wani ke gwada shi ba, kuma daga irinsa ake yin ƙosai da alale da ɗalibai ke ci kowace safiya.