Wa Ya Ce Lissafi Ba Namu Ba Ne?

'Yan uwa ɗalibai, da an kaɗa ƙararrawar lissafi sai ka ga wani ya sulale, wani kuma ciwon ciki ya taso masa. In ka tambaya, wai lissafi na 'yan birni ne. Ni ban yarda ba, kuma hujjata ita ce Farfesa Iya Abubakar.

An haife shi a 1934 a Belel da ke Adamawa, gari ne na bakin iyakar Kamaru, kamar yadda Babura take bakin iyakar Nijar. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya samu digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi a Ibadan, sannan ya yi digirin digirgir a Cambridge ta Ingila. Bincikensa ma ba na kan takarda kawai ba ne. Ya lissafa yadda girgiza ke ratsa abu mai tauri, da yadda take warwatsuwa in ta ci karo da wuri mai gargada, irin abin da masu nazarin girgizar ƙasa suke buƙata.

An fi saninsa da muƙamai: shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, minista a gwamnatin Shagari, sanata daga 1999 zuwa 2007. A ganina duk ba su kai shekarun da ya riƙe alli ba. An buɗe jami'ar a 1962, lokacin da yawancin malaman kimiyya baƙi ne daga ƙasashen waje. Ku auna yaron da ya baro ƙauyensu, ya shiga aji ya tarar ɗan Arewa irinsa ne ke koyar da lissafi, har ya shugabanci sashen. Da wane baki zai ce abin ya fi ƙarfinsa?

Mu kuwa ga WAEC da NECO a gabanmu. Wanda bai samu kiredit a lissafi ba, ya manta da likitanci da injiniyanci.

Malamanmu, a gafarce ni, ku ma da naku. Haddar ƙa'ida ba tare da an faɗa mana amfaninta ba tana kashe gwiwa, bulala kan amsar da ba daidai ba kuwa ita ke hana mutum ɗaga hannu. Shawarata ita ce duk ranar Litinin malamin lissafi ya liƙa tambaya ɗaya a wannan allo, ranar Juma'a mu buga sunan wanda ya warware ta da hanyar da ya bi.