Baƙuwar Da Ta Zo Daga Nesa Da Taurarinmu

A ajin Fiziks an koya mana cewa ƙwayar zarra ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta. To, ranar 15 ga Oktoban 1991, wata na'ura a jihar Utah ta Amurka ta gano wani ɓurɓushi guda tak, wanda bai ma kai zarra girma ba, ya faɗo daga sararin samaniya da ƙarfin da ya kai jul 50. Ku ɗauka ƙwallon ƙafa ce aka ɗirka tana gudun kilomita 55 a awa. Duk wannan ƙarfin a jikin abin da ko madubin ɗakin gwaji ba ya nunawa!

Daga ina ya fito? Nan gizo ke saƙar. Irin waɗannan ɓurɓushi suna ɗauke da cajin lantarki, don haka maganaɗisun da ke warwatse a samaniya yana lanƙwasa tafiyarsu. Haske yana tafe miƙe, mu bi shi da ido har tushensa. Su kuwa sai sun yi kwana iri-iri kafin su iso. Ga ƙaranci: mafi ƙarfinsu, kusan guda ɗaya ke faɗowa a kan murabba'in kilomita ɗaya cikin shekara 100.

Shi ya sa masana suka shimfiɗa tankunan ruwa sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000 a Malargue ta ƙasar Ajantina, wato cibiyar Pierre Auger. Idan ɓurɓushin ya doki iska, yakan tarwatse ya zama yayyafin ƙananan ƙwayoyi, tankunan su kama. Haƙurin ya biya. A 2017 suka bayyana cewa masu ƙarfin sun ɗan fi zuwa daga wani ɓangare na sama, da kusan kashi 6 cikin 100, kuma ɓangaren yana nesa da tsakiyar tarin taurarinmu na Milky Way. Da a gida ake haifarsu, can tsakiya mai cunkoson taurari za su fi fitowa. Baƙi ne ke nan.

Waɗanda ake zargi sun haɗa da tarin taurari na Centaurus A, mai ƙaton baƙin rami da ke feso wuta. Sai kuma a Mayun 2021 wata na'ura a Utah ta kama wani mai ƙarfin gaske da aka raɗa wa suna Amaterasu. Da aka bi sawunsa, sai ya nuna wani yanki na samaniya da kusan babu komai a cikinsa.