Sannu da aiki, Malama, amma da sauran gandu

Ranar Laraba na ga wata malama ta jero 'yan firamare bibbiyu sun shigo ta Ƙofar Nassarawa, za su Gidan Makama. Ta tsayar da su a inuwar gadar sama, muryarta na kokawa da hon ɗin 'yan adaidaita sahu: "A zamanin wa aka yi ƙofar nan?" Suka amsa baki ɗaya, "Muhammadu Rumfa!"

Malama, Allah ya saka da alheri. Tun zangon karatu na 2009/2010 aka zare tarihi daga manhaja, sai a 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ƙaddamar da dawo da shi. Duk tsawon shekarun nan irinku ne kuka hana shi mutuwa, ba littafi, ba alawus.

To amma da kin juya yaran nan gabas, da sun fuskanci inda gandun sarki na Nassarawa yake a da, bayi ke noma shi, kamar na Fanisau da Ɗorayi. A Kasuwar Kurmi an yi cinikin mutane. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma hakimi ma sai ya lallaɓa su. Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya shelanta cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta ba sai 1936. Jiya-jiya ke nan.

A Amurka dokoki suke kafawa a kan irin wannan darasi. Jihar Fulorida ta yi tata a 2022 don taƙaita yadda ake koyar da batun wariyar launin fata. Mu ba mu buƙaci doka ba, kawaici ya isar mana. Da ka taɓo zancen sai a ce tonon silili ne, ko kana neman hura wutar Hausa da Fulani da ake ta yi a Facebook. Alhali na san auren da ya mutu tun kafin a kai goro, don wata gwaggo ta raɗa cewa kakan yaron bacucane ne. Yaron kansa bai san ma'anar kalmar ba.

In kun dawo zango mai zuwa, Malama, ki tsayar da su a nan dai, ki gaya musu mene ne murgu: yadda bawa ke fita neman na kansa yana biyan ubangidansa, yana tara wuri har ya fanshi kansa.