Zanen gadon aure: a san tabo kafin a sa ruwa

Damina ta wuce, lokacin buɗe akwati ya yi. Da yawa cikinmu muna da zanen gado mai ɗinkin hannu da iyayenmu suka yi mana na aure, muna ajiye da shi don ɗiyanmu. Irin wannan ko an ɗauki bashin asusu ba a samun shi a kasuwar Maraɗi, sai na inji. To in kin warware naki kin ga tabo, don Allah kar ki ruga ga jabel. Jabel na cin zaren auduga, yana kashe launin ɗinki, tabon tsatsa kuwa ƙara kama shi yake yi.

Ki duba tukuna, mi ya ɓata shi?

In ja ne kamar ƙasa, a inda zanen ya taɓa jikin akwatin ƙarfe, tsatsa ce. Ki matsa lemun tsami daidai wurin, ki barbaɗa gishiri, ki sa a rana kaɗan, ki ɗauraye. Amma fa a farin wuri kawai. Kusa da zare mai launi, ki fara gwadawa a bakin zanen inda ido bai kai.

In mai ne, na miya ko na shafawa, ki rufe shi da garin rogo ya kwana ya tsotse, ki kakkaɓe, sannan sabulu da ruwan ɗumi.

Goro shi ne mai wuyar. Mun saba kanwa da toka na fidda dauɗa, amma a kan goro baƙi suke ƙara mishi, sabulu ma haka. Ruwan sanyi zalla da farko, sai ɗan lemun tsami, sai omo kaɗan. A maimaita, a yi haƙuri, ba da dirza ba. Dirza ce ke tsinke ɗinki.

Lalle, gaskiya, in ya daɗe ba ya fita. Gara ki kai ma mai ɗinki ta ɗora fure a kanshi, ya fi ki huda zanen wurin wanki.

Mu na bakin tabkin Madarunfa, kar mu wanke farin zane da ruwan da ya gurɓace. Na pampo, ko a bar shi ya kwanta a tulu. Shanya a inuwa, a bari ya bushe sarai, in ba haka ba hunhuna ta shige shi. Kafin ya koma akwati a naɗe shi cikin tsohon farin zane, kar ya sake taɓa ƙarfe.

Wadda tabon nata ya ɗaure mata kai, ta zo da zanen ranar zubi mu duba tare.