Ba a Fafe Gora Ranar Shiga Talabijin

'Yan'uwa, yau ba zan ɓoye ɓacin raina ba. Kwanan baya na kalli wata tasha an gayyato wani marubuci ɗan'uwanmu. Mai gabatar da shirin ya jefo masa tambayar da kowa ya san za ta zo: "An ce littattafanku ne ke ɓata tarbiyyar 'yan mata, me za ka ce?" Sai gogan naka ya shiga kame-kame, ya gyara hula, ya ce ai shi ba ya rubuta soyayya. Ya wanke kansa, ya bar sauranmu cikin taɓo!

Haba malam! Wannan zargi ai ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1990 ake yin sa, lokacin da aka laƙaba mana "adabin kasuwar Kano". A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a bainar jama'a. A 2008 Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Bayan duk wannan, har ka je gaban kyamara ba ka riƙe amsa ba?

Kuma amsar ba ta da wuya. Ka kawo misali. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labari ne na magidancin da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa, kuma ya ga sakayya. Ina ɓata tarbiyya a nan? Ka kuma amsa cewa akwai ɓata-gari cikinmu, kamar kowace sana'a. Mai kallo ya fi yarda da wanda bai yi musun gaskiya ba.

Kafin ka amsa gayyata, ka tambaya: shirin kai-tsaye ne ko naɗa za a yi? Minti nawa? Su wa za su zauna da kai? Ka ware magana uku da kake so ta isa kunnen jama'a. Ka taƙaita amsa, don in ka ja ta, mai tace hoto ne zai zaɓar maka inda zai yanke. Ka kalli mai tambaya, ba kyamara ba. In ya tsokane ka, kada ka hasala.

Ka tuna, mahaifin da ke kallonka shi zai yanke hukunci ko 'yarsa ta ci gaba da karanta mu. In ba ka shirya ba, ka ba da uzuri ka zauna gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda maganata ta yi wa zafi, ya yi haƙuri.